Shirun Gonar Kwari

Dakoro, shida ga watan Rajab, shekara ta 1296 bayan Hijira

Zuwa ga Gwaggona Azara, a Maraɗi.

Gwaggo, ina gaishe ki cikin girmamawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mai gidanki da yara. Ni ce Shafa'atu, ɗiyar ƙanenki Mamani. Rabonki da ni tun ina shekara bakwai, da kika zo mana gaisuwar rasuwar Innata. Kada rubutun ya ba ki mamaki. Marigayi Kaka Malam ne ya koya mini bayan na sauke Alƙur'ani, kuma yanzu duk tungarmu ni kaɗai ce mai karanta takarda. Baba yana lafiya. Kaka, mahaifiyarki, tana cin tuwonta, sai dai kunnen ya ƙara nauyi. Agali mai raƙumi ne zai kawo miki wannan, haɗe da cuku biyar.

Bayan haka, ina da magana, kuma na rasa wanda zan gaya wa.

Da ruwan farko ya sauka muka shuka gonar kwari. Hatsi ya tsiro da kyau, amma cikin kwana huɗu gyare ya yanke shi ƙasa-ƙasa. Baba ya tara mutanen tunga aka yi yadda aka saba. Da almuru kowa ya ɗauki hauya da ƙwarya, a tsaya shiru a saurari inda kuka yake fitowa, a bi shi har bakin rami, a tone. Ni ake kawo wa in soya da gishiri.

A wurin suyar ne na ga abin da ya dame ni. Duk wanda aka kamo ta bin kuka, in na fasa shi babu komai a cikinsa. Amma wata safiya na ɗaga tulu na kama wasu uku a ƙarƙashinsa, kowanne da wani tsinke a bayansa kamar allura. Na fasa ɗaya, sai ga ƙwai farare sirara, ba su ƙirguwa. Sauran biyun na rufe su cikin ƙwarya kwana uku, ko sau ɗaya ba su yi kuka ba.

Sai na je bakin gona da yamma na zauna ina kallo. Ki yafe mini abin da zan rubuta, Gwaggo. Namiji ne yake kukan. Yakan tsaya bakin raminsa yana goga fikafikansa, kira yake yi. Ita macen ba ta da murya. Takan zo da ƙafarta, ta wuce wannan, ta wuce wancan, ta tsaya wurin wanda muryarsa ta yi mata. Daga baya na ga wata tana soka tsinken nan cikin damshin ƙasa, ta matsa, ta sake sokawa.

Ke nan mazan muke cinyewa, masu ƙwan kuwa suna nan cikin gona.

Jiya aka sake shuka. Abin da ya rage mana tulu ɗaya ne, irin Innata mai saurin nuna, wanda ta zo da shi daga gidansu. In wannan shukar ta lalace, shi Baba zai zuba a kwari, don kwari ya fi riƙe damshi. Bayansa ba mu da iri, ba mu da na ci.

Kin san ni 'yar fari ce. Baba ba ya kiran sunana, ba ya zama inda nake zaune. In yana son abu, sai ya faɗa wa iska in ji. Yaya zan tsaya gabansa in ce abin da ya gada daga mahaifinsa kuskure ne, kuma da irin wannan magana ta maza da mata? Kaka kuwa sai an ɗaga murya, duk tunga ta ji. Ke yayarsa ce, yana jin maganarki. Don Allah ki aiko masa cewa kada ya zuba irin ƙarshe a kwari, ya kai shi jigawa, inda rairayi ya bushe kuma ban taɓa ganin ramin gyare ba.

Ɗiyarki,
Shafa'atu


Maraɗi, goma sha biyar ga Rajab

Zuwa ga ɗiyata Shafa'atu.

Na ga takardarki, na ci cukunki, Allah ya yi miki albarka. Muna lafiya, in ban da gwiwar nan tawa da take sanar da ni hadari tun bai haɗu ba. Ki gaishe mini da Inna, kakarki, ki matsa kusa da kunnenta na dama, shi ne mai sauran amfani. Ki gaishe da Mamani.

Ni ba na karatu. Malam Isufu maƙwabcinmu ne ya karanta mini a zaure, shi ne kuma yake rubuta wannan, in ya rage wani abu alhakin yana wuyansa. Ɗiyata, da ya kai wurin da kika ce takan zo da ƙafarta, sai tari ya sarƙe shi, ya ce a kawo masa ruwa. Matan gidanmu kuwa suna bayan zana, har wata ta zauna a ƙasa don dariya.

To, na gane. Ni ma na taɓa yin shekara goma sha shida. Budurwa ba ta zama bakin gona da yamma don gyare. Kin yi wayo, kin yi kunya, haka ake so. Yanzu sai ki faɗa wa gwaggonki, wane ne mai muryar? Ɗan tungarku ne, ko cikin masu zuwa shayar da dabbobi a rijiya? Yana da gona? Yana salla? Ba ki da uwa, ni ce uwarki. In na ji sunansa, ni zan yi wa Mamani magana, ba sai kin buɗe baki ba.

Batun gona kuwa, ki bar wa maza. Tun muna yara haka ake kama gyare, kuma ba mu mutu ba. Mamani ya fi ni da ke sanin kwarinsa.

Ga kwalli nan da ɗan turare na ba Agali. Ki daina zama cikin raɓa.

Gwaggonki,
Azara


Dakoro, ashirin da biyu ga Rajab

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Allah ya sauƙaƙa gwiwar. Kaka ta amsa, ta ce wai har yanzu kina cin goro da yawa? Na gode da kwalli.

Takardarki ta iso jiya. Sau ɗaya na karanta na cusa ta cikin rufin ɗaki, har yanzu ban iya haɗa ido da kowa ba. Babu kowa, Gwaggo. Wallahi gyare nake nufi. Kwana goma sha biyar na yi ina duban hanyar kudu, ina cewa yau maganarki za ta iso ga Baba.

Shuka ta biyu ma ta tafi. Baba ya ce ragowar da ba a kama ba ne, aka ƙara fita har kwana shida. Yanzu kwari ya yi tsit. Shekaranjiya na ji shi yana ce wa maƙwabcinmu Samba, "Ka ji? Ko ɗaya." Samba ya buga cikinsa ya ce, "In suna da sauran kuka, sai dai su yi shi a nan." Baba ya yi dariya. Na daɗe ban ji dariyarsa ba, shi ya sa na shiga ɗaki na yi kuka.

Ga abin da na yi. Ranar da na rubuta miki ta farko na ɗebo ƙasar kwari cikin fasasshiyar tukunya, ina yayyafa mata ruwa, na rufe da faifai. Ran kwana goma sha biyu na buɗe, sai ga 'ya'yan gyare kamar tururuwa, suna tsalle. Tafin hannu biyu ne kawai na ƙasa. Ki duba girman gonar.

Na ɗauki tukunyar na ajiye inda Baba yake alwala, na buɗe ta. Ya zo ya ture ta gefe da ƙafa, ya zaci shara ce. Ina bayan rumbu ina kallo.

Akwai kuma wani abu. Cikin mazan ma ba duka ne suke kuka ba. Na ga wasu suna laɓewa kusa da ramin mai kuka, su yi shiru. In mace ta taho wajen kiran, sai su tare ta a hanya. Mai kukan shi hauya take samu, su kuwa ba mai jin su. Kaka Malam ya taɓa ce mini a ƙuruciyarsa kukan gyaren kwarin nan har hana hira yake, amma kowace shekara kukan raguwa yake, ɓarnar tana ƙaruwa. Ina ta tunani, ko mu ne muka yi haka da hannunmu? Shekara da shekaru muna kashe masu murya, muna barin masu shiru suna haihuwa, 'ya'ya kuma suna ɗauko iyaye. Ban sani ba. Allah ne masani.

Cikin ɗan goran da na ba Agali akwai gyare guda biyu, ɗaya da tsinke, ɗaya babu. Ki fasa su da hannunki. Kuma don girman Allah, kada a karanta miki wannan a zaure.

Baba ya sauko da tulun Innata. Ruwa kawai yake jira.

Shafa'atu


Dakoro, ɗaya ga Sha'aban

Gwaggo, ina gaisuwa. Kowa lafiya.

Ban san wanda zai kai miki wannan ba. Agali bai dawo ba, babu kuma mai zuwa kudu, kowa yana gona. Ina rubutawa ne don in ban rubuta ba ƙirjina zai fashe.

An yi ruwa jiya, mai yawa. Da safe Baba ya ɗauki sungumi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "A ɗauko iri."

Kin san yadda ake yi. Shi yana gaba yana sara, ni ina baya ina zubawa, ina rufewa da diddige. Da muka kai bakin kwari na tsaya da ƙwarya a hannu, na ce, "Baba." Ya tsaya. Bai juyo ba, amma ya tsaya, yana jira. Ga jigawa can ina hango ta. Na nemi maganar na rasa. Sai na ji bakina ya ce, "Na manta da ruwan sha."

Ya ce, "Ba komai." Ya ci gaba da sara.

Da hannuna na zuba irin Innata, rami bayan rami, har tulun ya ƙare.

Shafa'atu


Maraɗi, ashirin da tara ga Rajab

Ɗiyata Shafa'atu,

Lafiya muke. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, Agali yana ɗaure kaya. Malam ya karanta mini a ƙofar ɗakina, na kori kowa.

Na fasa su. Ɗaya wayam, ɗaya cike da ƙwai. Na zauna ina kallonsu, har Malam ya tambaye ni ko lafiya. Ki yafe mini, ɗiyata. Kin kawo mini maganar yunwa, na mayar miki da kwalli.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan abu, na taɓa ganinsa da idona. Ina da shekara goma sha biyu tsuntsayen jan baki suka sauka cikin itatuwan ƙaya bayan tungarmu. Lokacin fuskar mazan tsuntsayen ta yi baƙi. Kowane namiji ya saƙa sheƙa rabi, ya maƙale a jikinta yana kaɗa fikafikai yana ta ƙara. Macen takan zo ta leƙa, ta ja ciyawar da baki. In saƙar ba ta yi mata ba ta tashi ta koma gaba, ta bar shi da kukansa. Mu yara har dariya muke yi musu. Ƙarar kuwa, ba ka jin na kusa da kai.

Mahaifinmu ya tara maza da dogayen sanduna, suka bi ƙarar suka kakkaɓe sheƙuna. Duk babu komai ciki. Tsuntsayen suka matsa can cikin daji suka sake saƙa. Bayan 'yan kwanaki ƙarar ta faɗi, mutane suka ce an ci nasara. Wata tsohuwa da muke da ita, Maraya, ita kaɗai ta ƙi murna. Ta ce, "Sun daina kira ne don an amsa musu. Yanzu kwanci suke yi." Aka ce tsufa ne. Da hatsi ya fara ido, 'ya'yan suka taso kamar hayaƙi. Shekarar nan ganye muka ci. Mamani yana da shekara shida, ni na riƙa goya shi don ya daina kukan yunwa.

Yanzu Malam zai rubuta abin da za ki karanta wa babanki. Ki karanta shi duka, kada ki tsallake ko kalma.

Mamani, ni ce Azara da ta goya ka. Ka tuna shekarar jan baki. Abin da ya faru da mu a kan itace shi ne yake faruwa da kai a cikin ƙasa. Gyaren da kake bi da kunne maza ne. Matan ba su kuka, kuma sun riga sun cika maka kwari da ƙwai. Kada ka zuba irin marigayiya a nan. Ka kai shi jigawa, ko rabi ka samu ya fi babu. Ba ni na gano ba. Ɗiyarka Shafa'atu ce ta gani tun shukar farko, ta rasa bakin faɗa maka, ta aiko mini, ni kuma na yi wauta na ɓata mata lokaci. Ban ce ka kira sunanta ba, Mamani. Cewa na yi ka saurare ta.

Na roƙi Agali ya miƙe hanya kada ya ratse. Ga ɗan irin hatsinmu nan cikin jaka. Ba ya saurin nuna kamar na uwarki, amma iri ne.

Gwaggonki,
Azara


Dakoro, goma sha biyar ga Sha'aban

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Malam. Babu abin da zan yafe, ba ki yi mini komai ba. Kaka ta yi zazzaɓi kwana biyu, ta warke. Na haɗa miki da wata takarda da na rubuta ranar ɗaya ga wata, ki fara sa a karanta miki ita.

Agali ya iso jiya. A hanya ya samu labarin mutanensa sun tashi da dabbobi zuwa Tagriss, matarsa kuma ba lafiya, sai ya wuce can. Ya ba da haƙuri har sau uku. Bai san abin da yake ɗauke da shi ba.

Irin Innata ya tsiro, Gwaggo, kuma ban taɓa ganin tsiro mai kyau kamarsa ba. Kwana biyar ya yi. Ran na shida ƙasar kwari ta fara motsi. 'Yan ƙanana ne, ba su da fikafikai, ba su da murya. Da almuru maza suka fito da hauya da ƙwarya kamar kullum, suka jeru, suka yi shiru suna saurare. Babu abin da za a bi. Suka daɗe a tsaye, sannan suka fara komawa gida ɗaya bayan ɗaya. Baba ne kaɗai ya rage, yana yawo cikin gona yana taka ƙasa da ƙafa. Yanzu in kika tsaya bakin kwari, sai ki rantse ba a taɓa shuka shi ba.

Agali ya miƙa takardarki a hannun Baba, ya ce kin ce akwai saƙonsa ciki. Baba ya juya ta, ya sake juyawa, sannan ya ce, "A zo a karanta."

Na durƙusa nesa da tabarmarsa. Da na kai wurin jan baki, sai ya ce a hankali, "Na tuna." Da na hango sunana yana tafe cikin layi, na yi niyyar tsallakewa, ba mai ganewa. Amma kin ce ko kalma. Na karanta. Na ambaci sunana a gabansa, na kai har ƙarshe.

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Kaka tana gefe tana tambaya, "Me Azara ta ce? Tana zuwa?"

Sai ya ce, "Tun shukar farko?"

Na ce, "Eh."

"Tukunyar nan ta wurin alwala."

"Eh."

"Ranar shuka, da aka ce Baba."

Na sunkuyar da kai. Ya sa tafin hannu ya rufe fuskarsa. Ban san ko ni yake jin haushi ba, ko kansa. Na fi son a ce ni ce.

Irin da kika aiko ba zai nuna bana ba, lokaci ya wuce. Na zuba shi cikin tulun Innata na liƙe bakin da laka. Baba ya ce bayan Salla zai kora awakinmu huɗu ya bi Samba kudu neman aikin girbi. Ni da Kaka kuma, in kina da wurin da za ki ajiye mu, Agali zai kawo mu gare ki mu yi rani. Ya ce a roƙe ki. Ba mu da cin da yawa. Na iya daka, na iya kaɗi, kuma zan riƙa karanta miki takardunki ba sai an je zaure ba.

Saura abu ɗaya. Yau da almuru, bayan salla, Baba yana zaune bakin zana, ni ina wanke ƙore. Sai wani gyare ya ɗauki kuka daga kwari, shi kaɗai, na farko cikin kusan wata guda. Waɗanda suka fara ƙyanƙyashewa sun girma. Na ga hannun Baba ya kai kan hauya. Ya riƙe ta, ya riƙe ta, sannan ya jingine ta da zana.

Bai dube ni ba. Ya ce, "Su masu shirun, yaya ake gane su?"

Na tsame hannuna daga ruwa, na je na ɗaga tulu. Akwai ɗaya a ƙarƙashi, mai tsinke a bayanta. Na kawo ta cikin tafin hannuna na durƙusa, shi kuma ya matsa mini wuri a kan tabarma.

Ɗiyarki,
Shafa'atu